Fitilar Kan Kyamara da Hisabin Tutoci

 



Mas'alar da aka ɗora mini in warware a gabanku yau, in an dube ta a zahiri, ba ta wuce wata 'yar fitila ba da ake ɗora wa kyamara a ɗakin watsa shiri, wadda ma'abota sana'a suke kira fitilar tali. Amma da yake da ita ne mai karanta labarai yake sanin inda zai fuskanta, kuma da ita ne mai riƙe da kyamara yake sanin lokacin da ya halatta ya motsa da lokacin da motsi ya haramta gare shi, ya zama wajibi a kan duk wanda zai rubuta manhajar da ke kunna ta ya fahimci hukuncinta tun daga tushe. A al'adar gidajen talabijin, idan ta kama ja, hoton wannan kyamara shi ne yake fita zuwa ga jama'a a wannan lokaci. Idan ta kama kore, darakta ya ɗora hoton a allon jira, yana dubansa, ana kuma sa ran shi zai biyo baya. Idan kuwa ta mutu, mai kyamara yana da damar ya juya, ya gyara kaifin hoto, ya nemi wata kusurwa. Akwai launi na uku, ruwan ɗorawa, wanda gidaje suka saɓa a kan ma'anarsa, kuma a kansa ne za mu daɗe idan mun zo wurin.

Tun lokacin da talabijin ta fara aiki a ƙasar nan, a Ibadan cikin 1959, sa'an nan a Kaduna cikin 1962, har zuwa shekaru masu yawa bayan haka, al'amarin wannan fitila a ko'ina cikin duniya aikin waya ne da makunni. Kowace kyamara tana da nata layin da ya taso daga na'urar sauya hoto. Idan darakta ya danna maɓallinta, wani makunnin maganaɗisu ya rufe, wuta ta bi layin, fitila ta kama. In ana son fitila ta biyu, sai a ja waya ta biyu. To, ku lura da wani abu a nan, domin shi ne asalin duk abin da zan faɗa: wayoyin nan biyu ba su san da juna ba, kowace tana iya ɗaukar wuta ko ta rasa ba tare da neman izinin 'yar'uwarta ba. Tun cikin 1937 wani ɗalibi a Amurka, Claude Shannon, ya tabbatar a kundin digirinsa na biyu cewa jerin makunnai irin waɗannan suna bin ƙa'idojin lissafin hankali da George Boole, Baturen Ingila, ya shimfiɗa a littafinsa na 1854. Wato rufewar makunni da buɗewarsa daidai suke da tabbatar hukunci da korewarsa. Da aka bar jan waya ɗaya ga kowace fitila, aka koma aika saƙon lambobi ta layi guda ko ta hanyar sadarwar kwamfuta, sai tambaya ta taso: yaya za a rubuta halin waɗannan wayoyi masu zaman kansu a cikin lamba ɗaya, ba tare da an ɓatar da kome daga labarinsu ba?

Kwamfuta ba ta san ja ba, ba ta san kore ba. Abin da ta sani gurabe ne a jere, kowane gurbi ko dai yana ɗauke da 1 ko yana ɗauke da 0; gurbi guda shi ake kira bit, takwas daga cikinsu kuwa su ne bait. Gurbin farko daga dama nauyinsa 1, na biyu 2, na uku 4, na huɗu 8, haka kowane yake ninka wanda ya gabace shi har a kai 128. Misalinsu kamar mai awo ne a kasuwa wanda yake da duwatsun sikeli huɗu kacal, na 1 da na 2 da na 4 da na 8: kowane nauyi daga sifiri zuwa 15 yana iya haɗa shi, kuma ta hanya ɗaya tak, har in aka ce maka ya ɗora 13, ka san ba makawa na 8 da na 4 da na 1 ne a kan sikelin, na 2 yana ƙasa. Wannan siffa, ta cewa jimla tana bayyana abin da aka haɗa ta da shi, ita ce ta sa marubuta manhaja suke ba kowane hali gurbinsa, su kira shi tuta, domin ana ɗaga ta ana sauke ta ita kaɗai. Mu ɗauka mun sanya wa kyamara tutoci huɗu: FITA nauyinta 1, JIRA nauyinta 2, NAƊA nauyinta 4 ga hoton da ake naɗa a gefe, da KIRA nauyinta 8 ga lokacin da ɗakin sarrafawa yake neman hankalin mai kyamara. Lamba 5 tana nufin hoton yana fita kuma ana naɗarsa; lamba 6 tana nufin yana jira kuma ana naɗarsa; tutoci huɗu sun ba mu halaye 16, alhali sunaye huɗu kawai muka ƙirƙira. Wannan dabara tsohuwa ce. Duk wanda ya taɓa ba fayil izini a tsarin Unix ya yi aiki da ita, inda karantawa take 4, rubutawa 2, zartarwa 1, jimlarsu 7.

Ayyukan da ake yi wa tutoci ba su da yawa. Ana ɗaga tuta da aikin KO, wanda ake rubutawa da tsayayyen layi, |, kuma hukuncinsa shi ne gurbi ya zama 1 idan ya kasance 1 a ɗayan ɓangarorin biyu ko a dukansu. Ana bincikar tuta da aikin DA, mai alamar &, wanda yake share kowane gurbi sai wanda yake 1 a ɓangarorin biyu gaba ɗaya; saboda haka in ka haɗa halin kyamara da FITA ta wannan hanya, sakamakon bai zama sifiri ba, to hoton yana fita, kome yawan sauran tutocin da ke ɗage. Ana sauke tuta ta hanyar juya ta, sa'an nan a yi DA da abin da ya fito. Harsunan manhaja kusan duka sun tanadi wannan: a harshen C ana rubuta nauyin da tura 1 zuwa hagu, a C# akwai alamar Flags da ake ɗora wa jerin sunaye, a Python kuwa an shigo da ajin Flag a fitowa ta 3.6 cikin 2016.

Sai dai sanin yadda ake ɗaga tuta ba shi ne fiƙihun mas'alar ba. Fiƙihunta shi ne sanin abin da ya cancanci a mayar da shi tuta da abin da bai cancanta ba, kuma a nan ina ganin ɗalibin da ya zauna gaban malamin manɗiƙi ya riga takwaransa da mataki guda. Malamanmu sun karantar da cewa abubuwa biyu, idan aka jingina su ga abu ɗaya, nisbarsu tana da fuskoki. Akwai masu warware juna, kamar samuwa da rashi, waɗanda ba sa haɗuwa kuma ba sa gushewa tare. Akwai kishiyoyi, kamar fari da baƙi, waɗanda ba sa haɗuwa a wuri ɗaya a lokaci ɗaya, amma suna iya gushewa tare, abu ya zama ja. Akwai kuma masu saɓani kawai, kamar tsayuwa da dariya, waɗanda suke iya haɗuwa, suke iya rabuwa, suke iya gushewa baki ɗaya. Kowane gurbi guda, da 1 ɗinsa da 0 ɗinsa, misali ne na kashi na farko. Kishiyoyi haƙƙinsu a jera su a ba kowane lamba, a zaɓi ɗaya. Tutoci kuwa an yi su ne domin kashi na uku kaɗai, kuma duk ɓarnar da za ku gani a manhajar fitila, in kun bi diddiginta, za ku tarar an ɗauki abin da yake na wani kashi an saka shi a wani.

To, mu tambayi kanmu: fita da jira kishiyoyi ne, ko kuwa masu saɓani ne kawai? Wanda bai zauna a ɗakin sarrafawa ba zai yi saurin cewa kishiyoyi ne, tun da abin da yake fita ya gama jira. Amma aiki ya ƙaryata wannan zato. Darakta yana iya zaɓar kyamara ɗaya a layin fita da layin jira a lokaci guda. Idan ana narkar da hoto cikin hoto, a tsawon daƙiƙun da narkewar take ɗauka, hoton da ke shigowa yana bayyana ga masu kallo alhali bai bar layin jira ba. Ku ɗauki watsa tafsirin watan Ramadan da kyamarori uku ko huɗu, inda ake nuna malam a babban hoto, a kuma saka mai jan baƙi cikin ƙaramin akwati a kusurwa: kyamarori biyu ne suke fita tare, kuma darakta yana iya ajiye ta mai jan baƙi a jira domin ya cika allo da ita da zarar an fara karatu. Wannan kyamara tana fita, tana kuma jira, duka biyun gaskiya ne a kanta. Bisa ga haka, fita da jira tutoci ne.

Masu ƙera kayan aiki sun bi hanyoyi dabam dabam a kan wannan. Na'urorin sauya hoto na ATEM, na kamfanin Blackmagic Design, suna ware wa kowace mashiga bait guda, gurbin farko na fita, na biyu na jira, saboda haka lamba 3 tana zuwa a duk lokacin da halayen biyu suka haɗu. Tsarin NDI, wanda kamfanin NewTek ya bayyana cikin 2015 domin aika hoto ta hanyar sadarwar kwamfuta, yana ɗauke da amsoshi biyu masu zaman kansu, i ko a'a ga fita, i ko a'a ga jira, wanda a ma'ana tutoci biyu ne ko da ba a cusa su cikin lamba ɗaya ba. Manhajar vMix kuwa tana aiko da jerin alƙaluma, ɗaya ga kowace mashiga, 0 ga wadda ba a zaɓa ba, 1 ga mai fita, 2 ga mai jira. A nan an riga an yanke hukunci kafin saƙon ya iso gare ka. Wanda zai rubuta manhajar da ke karɓar labari daga waɗannan maɓuɓɓuga uku lalle ne ya juyar da su duka zuwa siga ɗaya a cikin gidansa, kuma sigar da ta fi yalwa, wadda ba ta zubar da labari, ita ce ta tutoci.

Yanzu mu zo ga ƙa'idar da ta fi yaɗuwa a manyan gidaje, wadda kamfanin TSL na Ingila ya tsara domin allunan rubutu da ake sakawa ƙarƙashin talabijin ɗin ɗakin sarrafawa, masu nuna sunan kyamara da fitilunta. A fitowarta ta 3.1, kowane saƙo bait 18 ne: na farko adireshin allon, na biyu na umarni, sauran 16 haruffan sunan da za a nuna. A cikin bait ɗin umarni, gurabe huɗu na farko fitilu huɗu ne, kowace da gurbinta, tutoci tsantsa; ƙa'idar ba ta ce wannan ja ce wannan kore ce ba, ta bar wa masu haɗa kayan su daidaita, shi ya sa za ka tarar fitila ta ɗaya tana nufin fita a wani gida, tana nufin jira a wani. Gurabe biyu da ke biye da su na ƙarfin haske ne, mataki huɗu daga duhu zuwa cikakken haske. Ku dubi yadda kashi biyu na manɗiƙi suka zauna kafaɗa da kafaɗa a bait ɗaya: fitilu huɗu masu saɓani ne kawai, matakan haske kuwa kishiyoyi ne, domin fitila ba ta zama a rabin haske da cikakkensa a lokaci ɗaya. Wanda ya ɗauki waɗannan gurabe biyu na haske a matsayin tutoci, ya riƙa bincikar kowane shi kaɗai, ya karanta abin da ba a rubuta ba. Haƙƙinsu a ciro su tare, a karanta su lamba ɗaya daga 0 zuwa 3.

A fitowa ta 4.0 aka shigo da launi, aka kuma ci gaba da shi a ta 5.0, wadda aka yi domin hanyar sadarwar kwamfuta. A wannan ta ƙarshe kalmar umarni gurabe 16 ce: biyu na farko na fitilar dama, biyu na launin rubutu, biyu na fitilar hagu, biyu na ƙarfin haske. Kowane launi ana rubuta shi da lamba: 0 a mace, 1 ja, 2 kore, 3 ruwan ɗorawa. Idan fitilar dama ja ce, rubutu ruwan ɗorawa, fitilar hagu kore, haske cikakke, lissafin shi ne 1 da 12 da 32 da 192, jimla 237. In kana son launin hagu, ka tura 237 zuwa dama gurbi huɗu, ka sami 14, ka yi DA da 3, ka sami 2, wato kore.

A nan ne fitina take, kuma fitina ce mai kyawun fuska. Ja 1 ce, kore 2 ce, in ka haɗa su da KO ka sami 3, ga shi kuwa 3 ita ce ruwan ɗorawa. Ba a lissafi kaɗai abin ya dace ba, har a ɗabi'ar haske, domin ƙwan fitila mai ɗauke da ja da kore a gida ɗaya, in aka kunna su tare, ido yana ganin ruwan ɗorawa. Ga kuma ATEM tana ba da 1 ga fita, 2 ga jira, 3 ga haɗuwarsu. Sai marubucin manhaja ya ga lambobi sun yi daidai ta kowace fuska, ya ɗauko lambar hali daga na'urar sauya hoto ya zuba ta kai tsaye a gurbin launi, ya ce ya huta. Ni kuwa ina ganin wannan shi ne kuskure mafi girma a wannan babi, domin ya haɗa dalili da abin da dalilin yake nunawa ya mayar da su abu ɗaya. Halin kyamara hakika ce da ke faruwa a na'urar sauya hoto. Launi kuwa alama ce da mutane suka yi ittifaƙi a kanta, kuma abin da aka kafa da ittifaƙi ana iya canza shi da ittifaƙi. Mu koma ga mai riƙe da kyamarar mai jan baƙi. An horar da shi tun ranar da ya fara aiki cewa ja kaɗai ke ɗaure masa hannu. Hotonsa yana cikin ƙaramin akwati a gaban dubban masu kallo, darakta ya ajiye shi a jira, sai jar fitilarsa ta rikiɗe ta koma ruwan ɗorawa. In a gidansu wannan launi yana nufin naɗa a gefe, zai ɗauka an sauke shi, ya kai hannu ya gyara, jama'a su ga hoto yana rawa. Lissafin bai yi kuskure ko ɗaya ba, amma an yaudari bawan Allah da ke tsaye a bayan kyamara.

Abin da nake ba da shawara a kai shi ne a raba aikin gida biyu, a kuma sa shamaki tsakaninsu. Gida na farko ya riƙe hali da tutoci, kada sunan launi ko ɗaya ya shiga cikinsa. Gida na biyu ya zama ɗan gajeren hukunci guda, a wuri guda cikin manhajar, wanda ake miƙa masa tutoci ya mayar da launi bisa tartibin fifiko: in FITA tana ɗage, ja, ba tare da duban sauran ba, in ba ta ɗage amma JIRA tana ɗage, kore, in babu su biyun amma ana naɗa, ruwan ɗorawa. Fitilar da ke kan kyamara ta bi wannan tartibi mai tsanani, allon da ke gaban darakta kuwa, tun da yana da fitilar hagu da ta dama, ya nuna ja a gefe ɗaya da kore a ɗaya gefen, domin shi darakta yana buƙatar labarin duka. Hali ɗaya, alamu biyu, kowace daidai da buƙatar mai kallonta. Fa'idar wannan rabo tana ƙara bayyana idan aka zo ga kayan da matasanmu suke haɗawa da hannunsu a kan ƙananan alluna irin su Arduino da ESP32. Ƙwan fitilar nan mai yawan launi, WS2812, yana karɓar gurabe 24, kuma yana fara karanta kore ne, sa'an nan ja, sa'an nan shuɗi. Wanda ya aika da ja a farko bisa zaton tartibin da ya saba, kore zai gani a lokacin da hoto yake fita. In hukuncin launi yana wuri ɗaya, layi ɗaya za a gyara. Haka kuma akwai mutane, galibinsu maza, waɗanda idonsu ba ya rarrabe ja da kore sosai. In an sami irinsu a cikin ma'aikata, ana iya mayar da alamar jira shuɗiya ko mai ƙyaftawa ba tare da an taɓa tutoci ba.

Sauran kurakuran da ake faɗawa ciki duk 'ya'yan rashin kiyaye ɗabi'ar tuta ne. Wani zai tambayi manhaja ko halin kyamara daidai yake da FITA, maimakon ya tambaya ko FITA tana cikinsa. Muddin tuta ɗaya ce a ɗage amsar za ta yi daidai, amma ranar da hali ya zama 3 ko 5, sai manhaja ta ce hoton ba ya fita, fitila ta mutu a tsakiyar shiri. Wani zai jera sunaye ya bar harshen manhaja ya ba su lamba da kansa. A C# lambobin za su zo 0, 1, 2, 3 ko da an ɗora alamar Flags, sai suna na huɗu ya ci karo da haɗuwar na biyu da na uku, alhali a ajin Flag na Python lambar da ake bayarwa kai tsaye tana bin ninki. Wanda ya fi waɗannan haɗari shi ne mai amfani da tarawa a madadin KO. A babbar na'ura mai sassa da yawa, kyamara ɗaya tana iya fita ta hanya biyu, a matsayin babban hoto da kuma cikin akwati. In aka tara 1 da 1 sai a sami 2, ga shi kuwa 2 ita ce JIRA, wato kyamarar da take fita sau biyu ita ce za a nuna wa kore. Da KO aka yi, 1 da 1 ba sa wuce 1. Daga wannan misali kuma wata mas'ala take fitowa: idan hanya ɗaya ta saki kyamarar, ba daidai ba ne a sauke tutar nan take, domin ɗaya hanyar tana riƙe da ita har yanzu. Tuta ba ta ƙirga masu riƙe da ita. Abin da ya dace shi ne a ajiye tutocin kowace maɓuɓɓuga dabam, duk lokacin da labari ya sauya a sake haɗa su da KO daga farko. Haka nan a guji aikin juyawa, wanda yake ɗaga tuta in tana ƙasa ya sauke ta in tana sama, domin a hanyar sadarwa saƙo yana iya ɓacewa, yana iya zuwa sau biyu, kuma na'urori da yawa da gangan suke maimaita shi. Saƙon da ya ce ga cikakken halin da ake ciki ba ya cutarwa in an maimaita shi, saƙon da ya ce juya kuwa, maimaici ɗaya ya isa ya kifar da ma'ana har ƙarshen shiri.

Na bar sifiri a ƙarshe domin ya fi sauran buƙatar natsuwa. Sifiri ba tuta ba ne, rashin tutoci ne, saboda haka ba a bincikarsa da DA, tun da duk abin da aka yi DA da sifiri sifiri yake bayarwa. A C# ma, in ka tambayi HasFlag, aikin bincikar tuta, ko sifiri yana cikin wata lamba, kullum i zai ce maka. Ana gane shi ne ta hanyar tambaya ko halin gaba ɗaya daidai yake da 0. Amma akwai abin da ya fi wannan nauyi. Sifiri yana nufin na'urar sauya hoto ta yi magana, ta ce wannan kyamara ba ta fita, ba ta jira. Wannan shaida ce a kan rashi. Idan kuwa waya ta tsinke, ko siginar rediyo ta yanke, ko na'urar ta daina amsawa, abin da ke hannunmu rashin shaida ne, kuma malaman usulu sun daɗe da rarrabe tsakanin sanin babu da rashin sani. Mafi yawan manhajoji suna fara kowace lamba da sifiri, su kuma koma gare shi idan labari ya yanke, sai fitila ta mutu, mai kyamara ya karanta mutuwarta a matsayin izini, alhali mai yiwuwa hotonsa ne a kan allon kowane gida. Wasu kuma suna barin launin ƙarshe ya daskare, wanda shi ma shaidar zur ce, domin yana ba da labarin lokacin da ya wuce da sunan na yanzu.

Magani shi ne a ware wa ingancin labari gurbinsa, a ƙara tuta ta biyar mai nauyin 16, a kira ta TABBAS, kada a ɗaga ta sai saƙo ya iso, a kuma sa agogo ya sauke ta idan an ɗauki 'yan daƙiƙu ba a ji kome ba. Da haka 16 ita ce kyamarar da aka tabbatar tana hutawa, 17 mai fita, 0 kuwa ta zama ba mu sani ba, kuma lambar da na'ura take farawa da ita idan an kunna ta ta dace da gaskiyar halinta. A hukuncin launi, binciken TABBAS shi ne zai zo farko, gaban binciken FITA. In ba ta ɗage, fitila ta nuna wata alama da ba ta kama da ja, ba ta kama da kore, ba ta kuma kama da mutuwa, kamar shuɗi mai ƙyaftawa a hankali, a kuma sanar da kowane mai kyamara tun kafin a fara shiri cewa idan ya ga wannan alama ya ɗauka hotonsa yana fita, ya tsaya cik, ya saurari umarnin darakta ta na'urar kunne har layi ya dawo.